Wata Shida Muna Zuwa Ɗakin Gashin Ƙashi: Sharhin Uban Gida Mai Sakakkun Gaɓoɓi

Ɗana na fari yana da shekara 16, kuma tun yana aji huɗu na firamare yake buga wa ƙungiyar unguwarmu ƙwallo a matsayin mai tsaron baya. A cikin shekara biyu ya yi targaɗe sau uku a idon sawu, sannan ƙoƙon gwiwarsa ta dama ya goce sau biyu, na biyun ma babu wanda ya taɓa shi, juyawa kawai ya yi zai bi ƙwallo sai ya zube ƙasa. Kowane karo maɗorin unguwa muke kai shi, a ja, a shafa, a ɗaure, bayan mako uku ya koma fili. Da abin ya ishe mu muka je wurin likitan ƙashi, aka ɗauki hoto ba a ga karaya ko tsagewa ba, shi ne ya rubuta mana takarda zuwa wani ɗakin gashin ƙashi mai zaman kansa a nan Kano. Ba zan faɗi sunan wurin ba, domin akwai yabo a cikin abin da zan rubuta, akwai kuma ƙorafi. Mun shafe wata shida muna zuwa, kuma kafin a gama, mu uku ne a cikin littafinsu: shi, da ƙanwarsa mai shekara 9, da ni kaina mai shekara 52.

Wurin gida ne na haya da aka mayar asibiti. Falon ya zama ɗakin motsa jiki, akwai kekuna biyu na tsaye, da madubi mai tsawon bango, da ƙwallaye manya na roba, da igiyoyin roba masu launi daban-daban rataye a ƙusa, sai ɗakuna uku da aka sa gadaje da labule. Akwai tsafta, akwai wutar sola, kuma takardar rajistar shugaban wurin da hukumar da ke kula da masu wannan aiki a Najeriya tana manne a bango inda kowa zai gani. Na tsaya na karanta ta, domin a garin nan duk wanda ya sayi fitilar gashi yana iya kafa allo ya kira kansa likita.

Ganin farko ya ɗauki fiye da awa guda, kuma shi ne abin da ya fi kowane abu daraja a duk kuɗin da na kashe. Shugaban wurin, wanda kowa ke kira Likita ko da yake ya gaya mana cewa shi masanin fisiyo ne, wato mai gyaran gaɓoɓi da tsoka ta hanyar gashi da motsa jiki, bai fara da gwiwar da ke ciwo ba. Ya kama ƙaramin yatsan yaron ya tura shi baya, yatsan ya wuce tsaye ya kwanta. Ya ce ya lanƙwasa babban yatsa zuwa cikin hannu, ya taɓo fatar hannun ba tare da wahala ba. Ya miƙar da gwiwar hannunsa, ta wuce daidai ta lanƙwashe ta baya. Gwiwoyin ƙafa ma haka, kamar baka. A ƙarshe ya ce ya sunkuya ba tare da ya karya gwiwa ba, yaron ya shimfiɗa tafukan hannunsa biyu a kan tayil yana murmushi, domin wannan abu ne da ya saba burge abokansa da shi. Likita ya rubuta 8 a cikin 9, domin gwiwar hannu ɗaya ba ta kai ba. Daga nan ya juyo gare ni ya ce, "Baba, ko za ka ba ni hannunka?" Na miƙa masa ina dariya, sai ga babban yatsana ya kwanta yadda na ɗana ya kwanta. Sai a lokacin na tuna cewa a makarantar kwana ana kirana da ɗan roba, kuma mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, takan zauna ta naɗe ƙafafu yadda babu wata tsohuwa a gidanmu da ke iyawa.

Wannan gwaji shi ake kira ma'aunin Beighton, da sunan likitan da ya fito da shi tare da abokan aikinsa a shekarar 1973, bayan sun auna gaɓoɓin mutanen wani ƙauye a Afirka ta Kudu. Maki tara ne, biyu-biyu a kan ƙananan yatsu da manyan yatsu da gwiwoyin hannu da na ƙafa, ɗaya a kan sunkuyo. Abin da ya sa na yarda da Likita shi ne bai karanta makin da ma'auni ɗaya ga kowa ba. Ya bayyana cewa bisa ƙa'idar da masana suka amince da ita a 2017, yaron da bai balaga ba sai ya kai maki 6 ake cewa gaɓoɓinsa sun saki fiye da kima, baligi har zuwa shekara 50 maki 5, wanda ya haura 50 kuwa maki 4 sun isa, saboda jiki yana ƙara tauri da shekaru. Ni na sami 4, 'yar autata da muka kawo mako na gaba ta sami 7.

Bayanin da ya yi mana na asalin abin a taƙaice ne. Jijiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, da fata, da bangon hanyoyin jini, duk an saƙa su ne da wani zare da ake kira kolajin da 'yan'uwansa, kuma akwai gidajen da suke gadon zaren da ya fi na sauran mutane miƙewa. Idan abin ya yi tsanani kuma ya haɗa da wasu alamomi, kamar fata mai laushi da ja, da tabo mai faɗi, da yawan gocewar gaɓoɓi, ana kiransa ciwon Ehlers-Danlos, wanda aka kasa gida 13, kuma nau'in da ya fi yawa, wato na sakin gaɓoɓi, har yanzu ba shi da gwajin jini da ke tabbatar da shi. Likita ya ƙi laƙaba wa kowannenmu wannan suna. Ya ce yawancin masu sakakkun gaɓoɓi ba su da wata cuta, abin ya fi yawa a mata da yara, ya kuma fi yawa a mutanen Afirka da Asiya fiye da Turawa, har wani bincike da aka buga a 1994 a kan mutanen karkara a ƙasar Yarabawa ya sami masu irin wannan jiki da yawan gaske, galibinsu kuma ba su kuka da ciwon komai. Wanda zai ci riba da tsoratar da ni ya zaɓi ya kwantar mini da hankali, kuma na lura da hakan.

Sai dai akwai abu ɗaya da ya ƙi sassautawa a kai. Ɗana dogo ne, siriri, mai dogayen yatsu. Likita ya jingina shi da bango ya auna tsayinsa, sannan ya sa ya buɗe hannuwa ya auna daga yatsa zuwa yatsa, ya sa ya zagaye wuyan hannunsa da babban yatsa da ƙarami a ga ko za su haye juna, ya duba ƙirjinsa da bayansa, ya tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa faɗuwa ya mutu farat ɗaya yana matashi a danginmu. Daga nan ya ce ba zai ba shi ko atisaye ɗaya mai nauyi ba sai mun kawo hoton zuciya da sakamakon likitan ido. Abin da yake tsoro shi ne ciwon Marfan, wanda ke samun kusan mutum ɗaya a cikin 5,000, wanda kuma ke raunana bangon babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya har ta buɗe ko ta tsage. Flo Hyman, fitacciyar 'yar wasan ƙwallon raga ta Amurka da ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 1984, ta faɗi ta mutu ana tsakiyar wasa a Japan a watan Janairun 1986 tana da shekara 31, kuma sai bayan mutuwarta aka gano wannan ciwo ne. Isaiah Austin kuwa, ɗan ƙwallon kwando na jami'ar Baylor, an gano nasa a 2014, kwanaki kaɗan kafin zaɓen sababbin 'yan wasa na babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wato NBA, aka dakatar da shi. Ban ji daɗin ƙarin kashe kuɗin ba a ranar, har na yi gunaguni a mota. Sakamakon ya fito lafiya lau, kuma yanzu ina ganin duk wurin da zai karɓi dogon yaro mai sakakkun gaɓoɓi ya hau ba shi ƙarfe ya ɗaga ba tare da wannan tambaya ba, bai cancanci a koma masa ba.

Aikin da aka tsara wa yaron ya saɓa wa duk abin da kocinsu ya koya masa. Abu na farko, an hana shi miƙe jijiya irin wadda suke yi kafin wasa, inda ake zama a ware ƙafafu aboki ya danna bayan mutum. Likita ya ce masa, "Samari, kai ba miƙewa ka rasa ba, birki ka rasa." An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to wannan iccen ya riga ya tanƙwaru fiye da yadda ake so, abin da yake bukata shi ne tsokar da za ta riƙe gaɓa a inda jijiya ta kasa. Makonni huɗu na farko babu gudu ko kaɗan. Yana kwanciya ya ɗaga ƙugu, yana tafiya gefe-gefe da igiyar roba a ƙafafu don ƙarfafa tsokar ɗuwawu wadda ke hana gwiwa faɗawa ciki, yana durƙusawa rabi a gaban madubi yana kallon ƙoƙon gwiwarsa ya tsaya saitin yatsan ƙafa na biyu. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne tsayuwa kawai. Ya saba ya tsaya ya tura gwiwoyinsa baya su kulle, jikinsa ya rataya a kan jijiya, sai aka ce ya riƙa barinsu a ɗan sake. Na ga yaron da ke gudun minti casa'in yana karkarwa bayan daƙiƙa ashirin a kan ƙafa ɗaya da ido rufe. Likita ya ce masu irin wannan jiki sau da yawa ba sa jin ainihin inda gaɓarsu take sai sun duba, shi ya sa ƙafa ke sauka a karkace kafin ƙwaƙwalwa ta farga, kuma wannan ji ana iya horar da shi kamar yadda ake horar da tsoka.

Daga mako na takwas aka fara tsalle da sauka, da gudu da juyawa, sannan aka koya masa tsarin ɗumama jiki na FIFA da ake kira 11+, wanda aka fitar a 2006. Atisaye 15 ne da ake gamawa cikin minti ashirin, ba ya bukatar kayan aiki sai ƙwallo da 'yan alamomi a ƙasa, kuma ana so a yi shi aƙalla sau biyu a mako. Ba abin Turai kaɗai ba ne, domin an gwada shi a kan matasan ƙaramar gasar ƙwallo ta Legas, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari a ƙungiyoyin da suka yi amfani da shi. Ya koma fili a wata na huɗu, da farko rabin lokaci, da filasta a gwiwa da takalmin idon sawu mai igiya. An gaya masa a fili cewa gwiwa ce gaɓar da ta fi shiga haɗari ga mai sakakkun gaɓoɓi a wasannin da ake gwabzawa, cewa ya fita da zarar ya gaji domin yawancin saukar banza a ƙarshen wasa take faruwa, kuma ya guji filin da ya cika ramuka da tsakuwa. Wannan shawara ta ƙarshe ta ba ni dariya, don ban san filin unguwa a Kano da zai tsallake wannan sharaɗi ba.

Ita kuwa yarinyar, kusan ba a ba ta abin da za a kira magani ba, kuma nan ne na ga bambancin wanda ya san aikinsa. Kukanta shi ne ciwon ƙafa da dare bayan ta wuni tana tsallen igiya da 'yar gala-gala, da gajiyar hannu in ta daɗe tana rubutu. Mahaifiyarta ta riga ta yanke hukuncin hana ta wasa gaba ɗaya. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta ce, "Hajiya, in kika zaunar da ita, tsokar ce za ta narke, ciwon kuma ya ƙaru." Abin da aka hana ta kaɗan ne: ta daina nuna wa ƙawayenta yadda take juya yatsu da kafaɗa, ta daina zaman da take yi a ƙasa da gwiwoyi a gaba da ƙafafu a baje ta gefe, kuma kada wani babba ya ɗaga ta ko ya juya ta da hannu ɗaya. An ce a saya mata takalmi mai taurin dunduniya da igiya maimakon silifas, saboda tafin ƙafarta a shimfiɗe yake, a kuma naɗa wa fensirinta roba ya yi kauri. Sauran duk wasa ne: tafiya a kan layin alli, tsayuwar zalɓe a ƙafa ɗaya tana cafe ƙwallo, rarrafe irin na kaguwa. Zuwa huɗu kawai ta yi aka sallame ta, aka ce a dawo da ita in ta fara girma da sauri, domin lokacin da ƙashi ke tsawo yana barin tsoka a baya shi ne lokacin da ake fara samun matsala, musamman a 'ya'ya mata.

Nawa lamarin ya fi na yaran ban takaici, domin ni na zo a makare. Sakin da nake alfahari da shi a ƙuruciya ya ragu sosai, ya bar mini gwiwar hagu mai ƙara in zan tashi daga zaman tahiya, da kafaɗa mai tsami. Duk da haka ban daina ƙwallon dattawa ta safiyar Lahadi ba, inda mutum ke wuni shida a kujera sannan ya fito rana ɗaya yana neman ya nuna shi ne na da. Likita bai ce in daina ba, amma ya ce wanda bai motsa ba duk mako ba shi da hurumin gudu ranar Lahadi. Ya ɗora ni a kan keke da tafiyar minti talatin sau huɗu a mako, da tashi daga kujera ba tare da dafa hannu ba, da jan igiyar roba don kafaɗa, nauyi kaɗan, maimaici da yawa, a ƙara a hankali. Ya ce a shekaruna jijiya tana jinkirin warkewa, saboda haka ciwon da ya kwana biyu bayan atisaye alama ce an wuce gona da iri.

Shi ne kuma mutum na farko da ya tambaye ni magungunan da nake sha. Da na ambaci cewa nakan sayi ciprofloxacin a kemis duk lokacin da aka ce taifot ce, sai ya ajiye biro. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kan wannan dangin magani tun 2008 saboda yana iya sa jijiyar tsoka ta tsinke, musamman ta agara, sannan a Disambar 2018 ta ƙara gargaɗi cewa yana ƙara haɗarin tsagewar babbar jijiyar jini ga masu ciwon Marfan da Ehlers-Danlos. Bai ce haramun ne gare ni ba, ya ce in riƙa gaya wa duk likitan da zai rubuta mini magani irin jikin da muke da shi, kuma kada in sake sayensa da kaina. A garin da ake shan wannan ƙwaya kamar gyaɗa, wannan magana kaɗai ta biya kuɗin katin.

Yanzu ga inda suka gaza. Ingancin wurin ya rataya ne a wuyan mutum biyu, shugaban da ma'aikaciyar da ta duba 'yata, kuma ranar da ba sa nan, wurin yakan koma irin kowane ɗakin gashi. Wata Laraba na tarar da wani sabon ma'aikaci ya kwantar da ɗana a ƙarƙashin jar fitila na minti ashirin, sannan ya kama ƙafarsa yana turawa sama don ya miƙe masa jijiyar bayan cinya, abin da aka rubuta da jan biro a saman fayil ɗinsa cewa kada a yi. Da na yi magana ya ce haka ake yi wa kowa. Gwiwar ta kwana biyu tana ciwo. Shugaban ya ba da haƙuri kuma bai karɓi kuɗin ranar ba, amma fayil ɗin da ba a karantawa ba shi da amfani, kuma uban da bai san abin da aka hana ba da ba zai ce komai ba.

Na biyu, teburin karɓar kuɗi yana da son sayar da kaya. Likita ya ce takalmin idon sawu na lokacin wasa ne kawai, kada a wuni da shi, domin abin ɗauri taimako ne ga atisaye, ba ya maye gurbinsa. Amma mai karɓar kuɗi ta yi ta nuna mana abin ɗaurin gwiwa, da na ƙugu, da na wuyan hannu, har da na yarinyar da ba a rubuta mata komai ba, kuma farashinsu ya ɗara na shagunan kayan asibiti na Sabon Gari nesa ba kusa ba. Na uku, takardun atisayen da ake ba mutum ya tafi da su gida duk da Turanci suke, hotunan kuma sun dushe saboda yawan kwafi, alhali mahaifiyar yaran ce ke tsaye a kansu da safe. Sai da muka ɗauki bidiyon kowane motsi da waya kafin abin ya daidaita. Mace ɗaya ce a cikin masu duba marasa lafiya, tana zuwa kwana uku a mako, wanda ke nufin matar aure ko budurwar da ba ta son namiji ya taɓa ta sai ta jira. Alƙawarin ƙarfe huɗu kuwa yakan zama biyar saura, ko da yake wannan ban ɗora musu shi da yawa ba, ganin cewa wanda ake jira yana ba kowa lokacinsa ne.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Ana biya ne a kowane zama, kuma zama 22 da ɗana ya yi, haɗe da hoton zuciya da na ido da takalma, sun haura kuɗin makarantarsa na shekara. Wanda ba shi da hali zai iya samun masana fisiyo a asibitocin gwamnati, kamar asibitin ƙashi na Dala da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma shawarata ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya kashe kuɗinsa a kan ganin farko da zama uku ko huɗu na koyon atisayen, sauran ya yi a gida, domin igiyar roba da bango da madubi su ne kusan duk kayan aikin. Wanda yake neman a gasa shi a matsa masa ya tashi ya tafi, wannan wuri zai ba shi haushi, don aikin gida ake bayarwa kuma ana tambaya.

A wata biyun da ɗana ya yi da komawa fili, ƙoƙon gwiwar bai goce ba, ya yi ɗan targaɗe sau ɗaya wanda ya warke cikin kwana biyar. Wata biyu ba hujja ba ce, kuma an gaya mana cewa ranar da ya bar atisayen, jikin zai koma yadda yake. Yarinyar takan yi kukan ƙafa jefi-jefi, ba kullum ba kamar da. Ni ina buga rabin lokaci ranar Lahadi, kuma ina tashi daga tahiya ba tare da na dafa ƙasa ba. Abin da ya rage mini shi ne kocin unguwa, wanda har yanzu yake ganin minti ashirin na ɗumama jiki ɓata lokaci ne. Na roƙi Likita ya zo fili wata Asabar ya nuna wa yaran da kansa, ya ce zai zo in an gama jarrabawar zango, kuma na riga na yi alƙawarin kuɗin mansa.